Zan kai surukata tafkunan kan dutse a Kolorado, wanne za ta iya?

Bazazzagin Aurora:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka san duwatsun nan namu na Kolorado.

Surukata ta zo daga Zariya wankan jegon mai ɗakina. An yi suna, an yi arba'in lafiya, yanzu saura 'yan makonni ta koma. Tun zuwanta daga gida sai asibiti, sai masallaci ran Juma'a, sai kantin kayan miya. Amma duk la'asar in ta zauna bakin taga sai ta tsura wa duwatsun yamma ido, ta ce wai wane irin dutse ne wannan da ƙanƙara ba ta sauka daga kansa har tsakiyar zafi. Shi ne na ga ya kamata a kai ta ta gani da idonta, ta samu abin ba da labari in ta koma Tudun Wada.

Wani abokin aikina ya nuna mini hotunan tafkunan da ke cikin gandun Rocky Mountain, can saman garin Estes Park. Ya ce akwai wani wai shi Emerald, har yara ƙanana ana kaiwa. To amma ƙanena da ke Houston zai zo mako na biyu a watan Yuli, shi kuma ya dage sai Sky Pond, wai ya gani a Instagram, babu kamarsa. Hajiya ta kusa sittin, tana da hawan jini amma ba ta wasa da maganinta, gwiwa kuma sai a hankali. Duk da haka mace ce mai ƙwazo, a gida da ƙafarta take zuwa kasuwa. Mai ɗakina da jariri ba za su je ba.

Wanne ya dace da ita? Ƙarfe nawa za mu bar gida? An ce mini sai da takardar izini, ban gane kanta ba. Sannan yaya ake yi da salla a can?

Mai Sandar Longmont:

Wa alaikumus salam. Allah ya raya abin da aka samu, ya ƙara wa mai jego lafiya.

Ƙanena, tun kafin mu yi nisa, in dai da Hajiya za a tafi, ka cire Sky Pond daga lissafi. Emerald za ku nufa, shi ma da sharaɗin cewa in ba a kai ba babu wanda zai ɓata rai.

Abu biyu ne ke ba mutane kashi a wurin nan, tudu da agogo. Bari in fara da tudun. Denver, wadda Aurora da kake zaune ke gefenta, tana kan mita 1,609 daga doron teku, Zariya kuwa ba ta kai mita 700 ba. Wurin ajiye motoci na Bear Lake, inda za ku fara taka ƙasa, yana kan mita 2,888. Dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu mai tsawonsa a duk Nijeriya, mita 2,419 ne. Ka ga ke nan kafin Hajiya ta ɗaura takalminta ta riga ta wuce ƙololuwar ƙasarta da kusan rabin kilomita. A irin wannan tudu iskar da huhu ke samu a kowane numfashi takan ragu da kusan kashi uku cikin goma. Za ka ga ƙato ya taka matakala ashirin ya tsaya yana haki yana neman laifin takalmi. Sa'ar da kuka yi ita ce Hajiya ta yi watanni a Aurora, jininta ya ɗan saba. Wanda nake ji wa tsoro ƙanen nan naka ne, da zai taso daga bakin teku yana cika baki.

Ga yadda hanyar take. Daga Bear Lake zuwa Emerald bai cika kilomita 3 ba, zuwa da dawowa kusan 6, hawan kuma wajen mita 200. Abin da ya sa nake tura masu baƙi can shi ne tafkuna uku ne a jere a hanya ɗaya, ko'ina aka tsaya an ci riba. Na farko Nymph, ƙasa da kilomita ɗaya, ɗan ƙarami ne a tsakiyar itatuwa. A watan Yuli za ku tarar bado ya rufe shi, kamar kududdufin bayan gari da damina, sai dai furensa rawaya ne. Na san nan Hajiya za ta fara sakin jiki. Daga Nymph hanya ta ɗan miƙe tsaye, akwai matakalan dutse da na gungume, nan ne gwiwa ke magana. Amma a wannan tsakanin ne daji ke buɗewa ta hagu ka hango Longs Peak, mai mita 4,346, wanda ya fi kowane dutse tsawo a gandun. Akwai faffaɗan dutse a wurin da ake zama a huta. Ku zauna, ba wanda ke korar ku.

Na biyu Dream, wajen kilomita 1.8 daga mota, ya ɗan haura mita 3,000. Ni a wurina ya fi Emerald kyau, ko da masu hoto za su yi mini ca. Dogo ne siriri, ruwan garau har kana ganin kifi yana yawo a gindin duwatsu, ga dutsen Hallett tsaye a ƙarshensa kamar an yanke shi da wuƙa. In kun isa da sassafe kafin iska ta taso, dutsen gaba ɗaya yana cikin ruwan. In Hajiya ta kai nan ta ce ya isa, to wallahi ya isa, ta ga abin da aka zo gani. Daga Dream zuwa Emerald saura kilomita ɗaya da 'yan kai, da wasu matakalan kuma. Shi Emerald a cikin kwarin dutse yake, mita 3,080, Hallett ta hagu, Flattop ta dama, ruwansa kuma daga daskararriyar ƙanƙarar Tyndall yake gangarowa. Bakinsa duwatsu ne zube, babu wurin zama mai daɗi, iska kuma ba ta raga wa kowa. Mutane kan yi hoto, su ci abin da suka kawo, su juyo.

Sai agogo. A Yuli da Agusta safiyar duwatsun nan takan yi garau, ko gajimare ɗaya babu. Wajen sha ɗaya sai ka ga fararen gajimare sun fara taruwa a bayan Hallett, kafin azahar sun yi baƙi, sai tsawa, wani lokaci har da ƙanƙarar ruwa. Hadarin daga yamma yake zuwa, dutsen kuma ya tare maka yamma, saboda haka ba ka ganinsa sai ya iso kanka. A watan Yulin 2014 aradu ta kashe mutum biyu a cikin gandun nan, kwana biyu a jere, duk a gefen titin Trail Ridge. Dokata ita ce sha ɗaya ta yi mini ina gangarowa, sha biyu ina kusa da mota. In tsawa ta riske ku, ku bar bakin ruwa da filin dutse, kada ku raɓe a gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai, ku yi ƙasa.

Batun izini. Tun 2020 suka fito da tsarin shiga da lokaci, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Oktoba. Iri biyu ne, ka kula, domin nan mutane ke yin asara. Wanda kake buƙata shi ne mai haɗe da titin Bear Lake, ana neman sa daga biyar na asuba zuwa shida na yamma. Ɗayan na sauran gandun ne, ba zai shigar da kai wannan titi ba. A Recreation.gov ake saye, dala 2, suna ba ka tazarar awa biyu da za ka shiga a cikinta. Ran ɗaya ga wata suke sakin na watan gaba, na safiyar Asabar da Lahadi kuwa nan da nan ake wawashe su. Akwai ragowar da suke saki ƙarfe bakwai na yamma ana gobe tafiya, sai ka zauna da waya a hannu. Kuɗin shiga daban ne. Ni shawarata ka sayi katin shekara na dala 80 da lasisin tuƙinka, yana ɗaukar duk wanda ke cikin motarka. Ka ba wannan muhimmanci, don daga farkon 2026 an ɗora wa baƙin da ba mazauna Amurka ba ƙarin dala 100 a kan kowane mutum a manyan gandaye 11, Rocky Mountain kuma yana cikinsu. Ka ɗauki hoton takardar izinin a wayarka tun daga gida, sabis ba abin dogaro ba ne a can.

In ba ka samu izinin ba, akwai hanyar 'yan asubanci, wato ka wuce shingen kafin biyar. Daga Aurora ta Boulder da Lyons awa biyu ce har da ɗoriya, sai ku bar gida kafin uku na dare, ku yi sallar asuba a wurin ajiye motoci. Ni haka nake yi, amma ban ce ka tayar da dattijuwa ƙarfe biyu ba. Ka nemi na shida zuwa takwas. In kun tarar filin Bear Lake ya cika, kuma zai cika, ku ajiye mota a babban filin da ke ƙasa a kan titin, ku hau bas ɗin kyauta.

Salla ba ta da matsala. Azahar a Yuli sai bayan ɗaya, lokacin kun sauko. Nisan kuma ya wuce na ƙasaru. Alƙibla daga nan arewa maso gabas take, kada a bi mafitar rana.

Magana ta ƙarshe, kuma ita ce babba. Surukarka ce. Ko kanta zai tsage ba za ta buɗe baki ta ce maka ta gaji ba, kai ma ba za ka iya kama hannunta a kan matakala ba. Ku maza biyu kuna gaba kuna hira, ita tana baya tana cije leɓe, wannan ba ziyara ba ce. Ka nemi mace ta raka ku.

Ɗan Zangon Kumasi:

Alhaji, maganarka dutse, amma ka yi wa Sky Pond rashin adalci. Ka ce a cire shi, ba ka faɗa wa yaron abin da zai rasa ba.

Abokina, Emerald a Asabar ɗin Yuli kasuwa ce. Layi ake yi a kan hanya, wannan da waya a sanda, wancan da yaro a wuya, ba ka jin kukan tsuntsu sai surutu. Tun 2009 aka ayyana kusan duk gandun a matsayin dajin da ba a taɓawa, ba titi ba gini, amma a hanyar Emerald ba za ka ji haka a jikinka ba. Sky Pond kuwa daga Glacier Gorge ake tashi, wajen kilomita 15 zuwa da dawowa, hawa sama da mita 500. Ka wuce magangarar ruwa ta Alberta, ka iso tafkin Loch, mutane su fara raguwa. Sai Timberline, inda hanya ta ƙare ka kama dutse da hannu biyu kana hawa a gefen ruwan da ke zubowa, yana fantsar maka a fuska. Kana hayewa ga Lake of Glass, da yawa nan suke tsayawa suna zaton sun iso. Ka ƙara gaba kaɗan sai Sky Pond, mita 3,300 da wani abu, ga tsinin duwatsu a jere a kansa. Wanda ya je ya san ba ɗaya suke da Emerald ba.

Ban ce a kai Hajiya can ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi ku rabu biyu. Bas ɗaya ne ke tsayawa a Glacier Gorge da Bear Lake. Ni zan iya ɗaukar ɗan Houston mu yi Sky Pond, ku ku yi Dream, mu haɗu a Estes Park da la'asar. In kuma ana son tsaka-tsaki akwai tafkin Haiyaha, hanyarsa ta rabu dab da Dream, ƙarin wajen kilomita ɗaya da rabi. A watan Yunin 2022 wani ɓangaren dutsen Hallett ya zabtaro cikin kwarin da ke samansa, garin dutse ya shiga ruwan ya mayar da shi kore mai fari-fari. Sai dai bakinsa manyan duwatsu ne da sai an yi tsalle a kansu, ba na mai ciwon gwiwa ba ne.

Likita daga Sakkwato:

Barkanku da war haka. Ni ban san hanyoyin nan kamar Alhaji ba, amma akwai tambayar da ba wanda ya yi, kuma mu ta fi shafa. Malam, kai da ƙanenka da Hajiya, kun san rukunin jininku, AA ne ko AS?

A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, wato gadon sikila ta ɓangare ɗaya. Yawancinsu har su tsufa ba abin da zai same su, shi ya sa ba a tuna maganar sai lokacin aure. To a kan tudu lissafin yakan canza. In iska ta yi ƙaranci, ga gajiya, ga ƙishirwa, ƙwayoyin jinin mai AS ma suna iya lanƙwashewa su toshe hanyoyin jinin saifa. Asibitocin Kolorado sun san wannan sarai. Masu kallon ƙwallon Amurka za su tuna Ryan Clark na ƙungiyar Pittsburgh Steelers. A 2007 ya buga wasa a Denver, ciwon ya kama shi, sai da aka cire masa saifa da matsarmama, daga baya ƙungiyar ta daina sa shi wasa in an zo Denver. Ƙaƙƙarfan ɗan wasa ke nan, kuma a cikin gari, ba a kan dutse ba.

Ba ina cewa mai AS kada ya hau ba ne, da yawa suna hawa su sauko lafiya. Amma ya san kansa, ya tafi a hankali, ya yi ta shan ruwa, kada ya sauka daga jirgi yau gobe ya kama dutse. Alamar da ba a wasa da ita ita ce ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗar hagu. Wannan ba kartar ciki ba ce, ba a jira a ga abin da hali zai yi. A sauko, a tafi asibiti, a gaya musu AS ne tun a bakin ƙofa. Mai SS ko SC kuwa kada ya je sai ya zauna da likitansa.

Ciwon tudu na gama-gari shi ba ruwansa da rukunin jini ko ƙarfin jiki: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin son abinci. Maganinsa saukowa. Kada a ba mutum farasitamol a ce ya daure a ƙarasa. Game da Hajiya, ta sha maganin hawan jininta da safe kamar kullum, a tafi da shi a jaka, a kuma auna jinin a gida kwanakin da suka gabaci tafiyar. In yana hawa yana sauka, ko tana da ciwon ƙirji ko haki ko a kwance, a fara ganin likita. Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita biyu. Ruwan tafkin kuma duk kyansa kada a sha, akwai ƙwayar giyardiya da ke kawo zawo bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin Hajiya tana shirin hawa jirgi.

Kun yi daidai da kuka bar jariri a gida.

Mai Sandar Longmont:

Likita, Allah ya saka da alheri. Wannan ita ce maganar.

Ɗan Zango, ban musa maka kyan Sky Pond ba, ni ma ina son wurin. Amma dubi wanda kake shirin ɗauka. Mutum ya kwana a Houston ran Alhamis, ya sauka Denver ran Juma'a da dare, Asabar da hantsi yana rataye a jikin jiƙaƙƙen dutse a sama da mita 3,200, da kambas ɗin zuwa kanti. Hawan Timberline ma da sauƙi, saukowar ce aiki, ƙafa tana neman wurin takawa ido bai gani ba, ga layin mutane a sama da ƙasa kowa yana jira. A farkon Yuli kuma sau da yawa akwai sauran ƙanƙara kwance a gangaren da ke ƙasan magangarar. Sannan tafiya ce ta awa shida zuwa bakwai ga wanda bai saba ba. In ba ku taka hanya kafin shida ba, hadari a sama zai same ku, inda babu itacen kirki.

In yaron yana so da gaske, ya bi yayansa Emerald ran Asabar, mu ga yadda kansa zai yi. In ya kwana lafiya, ya ci abinci, Lahadi ku yi asubanci ku tafi, ni ma in gwiwata ta yarda zan raka ku har Loch in zauna in jira ku. Cunkoson Emerald kuwa gaskiya ne, amma Hajiya ba gudun mutane ta zo yi ba. Ganin tsofaffin Turawa da sanduna suna hawa ma zai ƙara mata ƙarfin gwiwa.

Antin Boulder:

Sannunku. Alhaji ya ce a nemi mace, to ga ni, in dai Asabar ce ba na aiki. Ka ba mai jego lambata ta akwatin saƙo, mu yi magana da Hajiya tun yanzu don kada ranar ta zama ranar fara sabo.

Ƙanena, ga abin da maza ba za su gaya maka ba. Kada ta sa doguwar abaya ko zani mai jan ƙasa, a kan matakala ƙafa ke taka shi. Wando mai kauri a ciki, riga zuwa ƙasan gwiwa, hijabi madaidaici wanda iska ba za ta yi ta wasa da shi ba, don iskar Emerald sai ta naɗe wa mutum babban hijabi a fuska. Suwaita da rigar ruwa a jaka ko da kun bar Aurora ana zufa, da safe a can sanyi ne sosai. Takalmi shi ne abin da za ku yi rigima a kansa, na sani, za ta ce silifas ɗinta sun fi mata. Ka sayo kambas mai tauri a ƙasa tun wannan makon, ta riƙa zagaya unguwa da shi da yamma har ya saba da ƙafarta. Sanduna ina da su, zan zo da biyu. A gangarowa ne ake gode musu.

Banɗaki yana wurin ajiye motoci, daga nan babu wani har ku dawo. Wannan ne ke sa iyayenmu mata su ƙi shan ruwa a hanya su yi shiru, ga shi kuma Likita ya ce a sha. Ni zan kula da wannan, kai dai kada ka tambaya. In za a yi alwala a zo da buta, a ɗebi ruwan a koma gefe, ba a wanke ƙafa a cikin tafki. Ruwan ƙanƙara ne, hannu na shiga yake ƙagewa, gara ta yi alwalarta tun kafin a fara hawa.

Rana a can tana ƙuna ko ana sanyi, kuma baƙar fata ba ta hana ta. Man kariya daga rana a fuska, man kaɗanya a leɓe, tabarau in za ta yarda. Abinci mara nauyi: dabino, dafaffen ƙwai, gyaɗa, dambun nama in akwai sauran wanda ta zo da shi, da shayi a fulas. Tuwo ya jira dare. Kuregun wurin da wasu tsuntsaye masu ruwan toka ba su da kunya, har cinya suke hawa, kuma na san halin iyayenmu, za ta ce a ba bayin Allah. Haramun ne a dokar gandun, ana cin tara. Ɓawon ƙwai da ƙwallon dabino ma a jaka ake dawowa da su. In kun haɗu da manyan bareyin nan da ake kira elk, a ba su tazarar mita 23, moose (barewar da ta fi elk girma) da beyar kuwa mita 36, mai ɗa ta fi kowa faɗa.

In muka isa Nymph na ga numfashinta bai yi mini ba, zan ce ni ce na gaji, mu juyo. Bear Lake kansa ana zagaya shi a kilomita ɗaya, kusan a shimfiɗe, ga Hallett ana gani. Akwai kuma tafkin Sprague a ƙasa, da benci-benci a bakin ruwa. Ku maza sai ku ƙarasa ku same mu.

Bazazzagin Aurora:

Kai, jama'a, na rasa bakin godiya. Allah ya bar zumunci.

Likita, na tambaya. Ni AA ne, Hajiya ma AA, an gwada ta a asibiti a nan. Ƙanena kuwa AS ne, da na karanta masa abin da ka rubuta sai ya yi shiru, can ya ce zai sauya tikiti ya zo ran Laraba. Sky Pond an bar shi sai wani zuwan, Ɗan Zango ka yi haƙuri, amma ya ce in kana nan a biyo da kai Emerald ɗin.

Alhaji, na duba, na safiyar Asabar ɗin duk sun ƙare, saura na sha biyu zuwa biyu, wanda na gane daga bayaninka ba shi da amfani. Zan gwada na ƙarfe bakwai ran Juma'a. In bai samu ba akwai na shida zuwa takwas ran Talata mai bi mata, zan iya ɗaukar hutu, sai dai ban sani ba ko Anti za ta samu dama, ƙanena kuma sai ya ƙara kwana.

Anti, mai ɗakina za ta kira ki bayan magariba. An kai ruwa rana a kan takalmin kamar yadda kika faɗa, amma ta yarda da aka ce ke ma irinsa kike sawa. Lamba 39 take sawa a gida, nawa ke nan a lissafin nan Amurka?